Igiya ta Biyu

Goma ya danna maɓallin, ya janye hannu, ya zuba wa ɗan gilashin na'urar ido. Lamba ɗaya ta fito ta zauna. Ya gyara zama, ya goge gilashin da gefen riga, ya sake dubawa, tana nan a ɗaya. Sai da mai gadi ya gama jan wani tebur daga wannan ƙarshen zauren zuwa wancan, sannan ta ga dama ta koma biyu. Sai ta kai ɗari kafin a ce sauti guda ya ƙetare, kuma sautuka sittin da huɗu ne a cikinta.

Ƙarfe tara na safe ke nan. Ƙarfe huɗu na yamma masu wuta za su zo su yanke wayar otal ɗin, domin gobe za a fara rushe shi.

Na'urar fiyano ce irin mai haddace sauti. Ka busa mata ƙaho ko ka kaɗa mata ganga, ta riƙe, in ka taɓa maɓallan kiɗa ta maido maka da abinka. Sai dai waɗanda suka ƙera ta sun yi mata wata irin ƙwaƙwalwa: muddin da wuta tana tune da komai, wuta na ɗaukewa ta manta. A da faifai ake zura mata ta karanta. Wata huɗu ke nan da bakin faifan ya cije faifai na ƙarshe ya yaga shi, kuma tun ranar Goma bai kashe ta ba. Ya haɗa ta da wani ɗan akwatin batir mai riƙe wuta na minti biyar, kafin injin wutar otal ya tashi. Yau babu injin ma, an ɗauke shi shekaranjiya.

Ba a ce ba a sanar da shi ba. Sau uku ana liƙa takardar rushewa ana ɗagawa, ya ɗauka ta huɗun ma haka za ta ƙare. Sai jiya da ya ga ana kwance fankoki ya ruga wurin mai gyara, wani tsoho mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Mai gyara ya ce ba zai iya buɗe ta ba sai an kashe ta. Ya ara masa tsohuwar kwamfuta da wata baƙar igiya mai haƙora biyar a kowane baki.

"Ka juye sautukan a nan tukuna. In na gyara bakin faifan, mu mayar. Minti nawa ne a cikinta duka?"

"Shida."

"To, awa shida da rabi."

Goma ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Mai gyara bai yi ba. Ya ce igiyar don kiɗa aka yi ta, don ta ce a taɓa wannan a saki wancan, ba don dakon kaya ba. Sautin daƙiƙa guda sai ya ci minti yana ratsa ta. Ya ƙara da cewa na'urar ba ta san tsallake ba: daga na ɗaya take farawa, ta jira a danna mata bayan kowane, ko dai a ci gaba ko a koma farko. Kuma tana aikawa ba ta kiɗa.

Minti shidan nan su ne ƙungiyar gaba ɗaya. Su huɗu ne a da. Akwai Kumatu mai ƙaho, Allah ya jiƙansa. Akwai Bahago mai jita, wanda ya tafi neman aiki wata ƙasa, wasiƙa biyu ya aiko aka daina jin ɗuriyarsa. Akwai Tsawa mai ganguna, mijin yayar Goma. Sai shi kansa, da ake kira Yatsu Goma har sunan ya gajarce. Da ya sayo na'urar, ce musu ya yi don gwaji ne kawai, ranar da wani bai samu zuwa ba. Kumatu ya fara busa mata yana dariya, Bahago ya biyo, Goma ya sa nasa. Tsawa ya ƙi har wata biyu, shi ya sa gangunansa ne a ƙarshen layi. Ba a shekara ba mai otal ya gane mutum ɗaya na iya yin ƙarar mutum huɗu. Ya kira Goma shi kaɗai ofis. Goma bai ce a'a ba. Shekara ashirin da shida ke nan yana kiɗa a wannan lungu, yamma uku a mako, mutane na cin abinci ba su kallonsa.

Yanzu wani gidan abinci a can ƙetaren gada ya ce ya zo mako mai zuwa a gwada shi. Manajan ya ce masa, "Ka zo da mutanenka na cikin akwati, musamman mai gangar nan."

Zaman jira ba aikin makaɗi ba ne. Zauren babu labule, babu kujeru sai tasa, a bango sai fararen tabo inda hotuna suka rataya. Mai gadi ya leƙo ya ce, "Malam Goma, yau shiru? Ko mutanen naka sun tafi yajin aiki?"

"Suna ƙaura ne."

"A ƙafa, da alama."

Ya wuce da guga. Goma ya ci gaba da kallon lamba. Bai san lokacin da hannunsa ya koma kan maɓallan kiɗa ba. Tunda babu sauti, yatsun suka yi ta yawonsu, suna bin wata tsohuwar waƙa da suke buɗe fili da ita, shi kuma hankalinsa na can wani wuri. In lamba ta kai ɗari ya danna, ta koma ɗaya, yatsu su ci gaba.

Ƙarfe sha ɗaya ƙahon Kumatu ya gama wucewa, duk guda goma sha shida. Goma ya ce bari ya ji yadda suka sauka. Ya taɓa na farko a kwamfuta. Kumatu ya ja numfashi, ya ɗauko busa mai kyau, sai ta tsage kamar an yaga tsumma, sauran duk hayaniya. Na biyu haka. Na tara haka.

Ya kira mai gyara.

"Ka taɓa maɓallan kiɗa?" in ji mai gyara.

"Ai ba ta kiɗa."

"Ita ba ta kiɗa, amma igiyar na ji. Hanya ɗaya ce. Kai da kayan kuna ta gwamutsuwa a ƙofa guda."

"Me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

"Da wane baki? Igiya ɗaya na ba ka, ta tafiya. Ita na'urar, duk ɗan ƙullin da ta aika sai ta tsaya ta saurara ko za a ce mata ya iso. In ta ji shiru, ta haƙura ta aika na gaba. Wannan tsayuwar kaɗai kashi ɗaya cikin uku ce ta lokacinka. Da akwai ta dawowa, da kwamfuta na amsa mata nan take, in ƙulli ya lalace ta ce a sake."

"Ara mini ta biyun."

"Ita ke nan gare ni. A kasuwa ma in ka tambaya dariya za su yi maka."

Goma ya ajiye waya. Awa biyar suka rage. In ya ci gaba daga jita, komai zai wuce, har ganguna, amma Kumatu ya tafi ke nan. In ya koma farko, wuta za ta ɗauke ganguna ba su ko taso ba. Mai hankali ya san wanda zai zaɓa, tunda da gangunan za a ɗauke shi aiki. Ya daɗe yana kallon gilashin. Sannan ya mayar da ita farko, ya danna, ya zauna a kan hannuwansa kamar yaron da aka tsawatar.

Ya san inda igiya ta biyu take. Na'urar da biyu ta zo, ɗaya ta daɗe da ɓacewa. Ranar da aka watse, Tsawa bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya tattara gangunansa, ya miƙa hannu bayan fiyano ya zare igiya ɗaya, ya ɗaure akwatinsa da ita, ya fita. Tun daga nan ba su haɗa ido ba. Goma kan je gaida yayarsa ne a lokacin da ya san mijin ba ya nan. Ko da ciwon shanyewar jiki ya taɓa Tsawa shekara biyu da suka wuce, gaisuwa ya aika, bai taka ba.

Ya zaro hannu ɗaya ya kira yayarsa a waya.

"Yaya, ina yini."

"Auta? Lafiya kake kira da rana tsaka? Wa ya mutu?"

Ya kusa shekara sittin da biyar, amma a bakinta har gobe Auta ne. Ya yi mata bayani, yana yi yana tuntuɓe. Ta saurara har ƙarshe.

"Igiyar na nan. Tana ɗaure da akwatin a ƙarƙashin gado, ko share wurin zan yi sai na nemi izini. Ga shi nan zaune, ka tambaye shi da bakinka."

"Yaya, ki dai faɗa masa."

"Shekara ashirin da shida ina dakon magana tsakaninku, ko jaki ne ya gaji."

Ya ji ta juya tana magana nesa da wayar. Ya ji an ce wani abu gajere. Sai wayar ta katse.

Bai sake kira ba. Ya danna na uku, ya danna na huɗu. Rana ta shigo ta tagar da babu labule ta kwanta a kan siminti. A bene na sama ana ta ɓamɓare ƙofofi.

Sha biyu da rabi ya ji sanda a kan matakala, da jan ƙafa guda. Mai gadi na cewa, "Baba, a hankali, an cire abin riƙewa."

"Na hau matakalar nan da ganguna biyar a ka kafin a yaye ka."

Tsawa ya shigo. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Hannun dama na cikin aljihu, igiyar na naɗe a kafaɗar hagu, duk ta yi lanƙwasa huɗu irin ta kusurwar akwati. Ya dubi zauren sama da ƙasa kafin ya dubi mutumin da ke ciki.

"Ka tsufa," ya ce.

Goma ya miƙe. "Sannu da zuwa, Yaya. Ya jiki?"

"Jiki ga shi kana gani. Kujera ɗaya ce a gidan naku?"

Goma ya ba shi kujerar, ya jawo akwatin lemo ya kifa. Tsawa ya zauna, ya sauke igiyar a cinya, ya ɗora hannu a kai.

"Yayarka ta ce su Kumatu ne za su mutu karo na biyu. Shi ya sa na zo, kada ka ɗauka kwarjininka ne. Waye a ƙarshe?"

"Kai ne."

"Madalla. Ga igiya. Ka fitar da Kumatu, ka fitar da Bahago, ka fitar da naka tarkacen. In an zo kaina, ka tsaya."

"Yaya, da ita komai zai wuce. Har da saura."

"Na ji. Na ce ka tsaya."

"Gangunan ne aka ce in zo da su. In babu su..."

Tsawa ya sa hannun hagu ya zaro na dama daga aljihu, ya ajiye shi a kan gwiwa. Yatsun sun dunƙule sun kafe.

"Ka gan shi? Ko cokali ba ya riƙewa. Yayarka ke ɓalle mini maɓallin riga. Amma ina kwance ina sane cewa yana nan yana aiki a otal, yamma uku a mako, ana cin nama ana hira a kansa. Aron yini guda na ba ka. Ya isa haka, a sallame shi."

Lamba ta kai ɗari. Goma ya karɓi igiyar, ya hure haƙoranta, ya goge su da riga, ya zagaya baya ya soka. Da ya danna, lambar ta tashi da wani ɗan sauri. Ba gudu ba ne, tafiya ce irin ta wanda ya san ana jiransa.

"Shi ke nan saurin?" in ji Tsawa. "Abin da ya kore mu ke nan? Kumatu da furfurarsa ya fi wannan hanzari in an ce abinci ya sauka."

Goma ya yi dariya ba shiri, ta fito masa kamar tari.

Suka zauna. Hirar ba ta yi yawa ba. Tsawa ya tambaya ko an taɓa jin labarin Bahago, Goma ya ce a'a. Ya tambaya ko har yanzu a ɗakin nan na bayan tasha yake, shi kaɗai, Goma ya ce e. Mai gadi ya kawo musu shayi a kofunan otal da suka rage, masu ɓallen baki. Da yatsun Goma suka fara rarrafawa wajen maɓallan kiɗa, Tsawa ya ɗaga sanda ya ɗan buge su.

"Zauna a kansu. Tun kana saurayi ba su da kunya."

Ƙaho ya wuce, aka saurari guda biyu a kwamfuta, lafiya lau, har da ɗan numfashin da Kumatu ke ja kafin busa. Tsawa ya kau da kai wajen taga. Jita ta wuce. Na Goma suka wuce.

Uku da minti goma, gilashin ya nuna na hamsin da uku. Daga nan zuwa ƙarshe ganguna ne, guda goma sha biyu, aikin minti arba'in. Masu wuta sun iso, ana jin su a ƙasa suna sauke tsani, amma mai gadi ya ce sun yi alkawarin ba za su taɓa komai ba sai huɗu ta buga.

"Me ta rubuta?" in ji Tsawa. "Ban zo da tabarau ba. Ko na zo da shi ma ban san karatunta ba. In ka danna, ba zan sani ba."

Ya jingina da kujera ya lumshe ido.

Yatsan Goma na kan maɓallin. Ya tuna manajan can ƙetaren gada, matashi mai agogo babba, wanda bai tambayi sunansa ba sai da zai tafi. Ya tuna ɗakinsa, da yadda yamma take tsawo a ranakun da babu kiɗa. Dannawa ɗaya ce, sai sha ɗaya a bayanta, kuma tsohon ga alama barci ma zai yi.

Ya ɗauke yatsan. Ya zagaya baya ya zare igiyoyin duka biyu, ya kunna lasifika. Ya dawo ya taɓa maɓalli na can ƙasa.

Ganga ta cika zauren da babu kowa, ta bugi bango ta dawo. Kiɗa ne na daƙiƙa huɗu da ke zagayowa, hannun mutum mai shekara arba'in da ƙarfinsa, mai ɗan jinkiri a bugu na uku kamar yana tsokanar masu rawa.

Tsawa ya buɗe ido. Da kiɗan ya zagayo sau goma, ya ce:

"Fatar ta yi sanyi ranar. Na ce maka a bari rana ta fito, ka ƙi."

"An yi ruwa da safe."

"Sa na gaba."

Goma ya sa. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya, Tsawa na kushe wannan, yana cewa a maimaita wancan. A na bakwai ya ce, "Wannan kam ba laifi," kuma hannunsa na hagu ya fara bugun gefen kujera. Goma ya ɗora ƙaho a kai, ya shigo da jita, ya bi su da nasa. Mai gadi ya zo bakin ƙofa da guga ya tsaya. Ɗaya daga cikin masu wuta ma ya hau ya leƙo, ya koma.

Huɗu da ƴan mintuna fitilar zauren ta mutu. Akwatin batir ya fara ƙara, ɗis, ɗis. Goma bai tsaya ba, Tsawa bai ce ya tsaya ba. Suna tsakiyar zagaye sauti ya yanke, gilashin ya yi baƙi.

Tsawa ya miƙa hannu. Goma ya naɗe igiyar ya rataya masa a kafaɗa.

Mai gadi ya taya shi sauko da kaya bakin titi. Tasi ta fara tsayawa, Goma ya ce Yaya ya shiga, shi zai jira mai ɗaukar kaya. Shigar ta ɗauki lokaci, sai da aka ɗaga masa ƙafar dama. Da ya zauna, ya sauke gilashi.

"Can ɗin da za ka, wa zai riƙe maka lokaci?"

"Ni zan riƙe."

"Kai? Kai da ke gudu in an zo tsakiyar waƙa kamar an biyo ka. Ni nake janyo ka shekara goma, ba ka sani ba. Da diddige ake ƙirgawa, ba da yatsun ƙafa ba. Diddige ya fi nauyi."

"To, Yaya."

Goma ya jira ko za a ce ya zo gida. Tsawa ya dubi gaba ya ce wa direba su tafi.

Goma ya zauna a kan akwatin na'urar, kwamfuta a cinya. Motoci na wucewa, babu mai ɗaukar kaya ko ɗaya. Can ya ɗaga diddige ya sauke a kan kwalta, ya sake, yana bin waƙar a zuci. Baiti na farko ya tafi daidai. Kafin ya kai tsakiya ya ji da kansa ya fara gudu. Ya tsaya, ya koma farko.